Lasin Hukuma Da Hukuncin Caca: Waƙa Da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya kuma bayyana musu ƙofofin da ake shiga nemansa da waɗanda aka rufe. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar waƙa ce mai baiti 10 tare da sharhinta, na yi ta domin wata shubuha da ta yawaita a bakin 'yan'uwa, manya da yara. Shubuhar ita ce, suna cewa caca ita ce wadda ake yi a lungu da karta ko da wuri, wadda in 'yan sanda sun zo sai kowa ya ranta a na kare. Amma tikitin da ake saye a rumfar da gwamnati ta ba lasin, wai wannan wani abu ne dabam, tun da hukuma ta san da shi, har tana karɓar haraji a kansa. Ina roƙon Allah Ya sa abin da zan faɗa ya zama gyara, Ya tsare alƙalamina daga zamewa.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Nufina bayanin hukunci na caca.

Salati ga Manzo da Alai, Sahabbai,
Da bayin da ba sa kusanta ga caca.

Hukuma tana ba da izni da lasin,
Ta ɗaure talakka da laifi na caca.

Takarda ta ofis ba za ta halatta
Abin da Shari'a ta ce shi ne caca.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya datar da ni da kai, kowace hukuma tana da ma'anar da ta ba kalmar caca a cikin littafin dokokinta na laifuffuka, kuma da wannan ma'ana alƙalinta yake ɗauri ko saki. Ya kamata mu san wannan ma'ana tukuna, domin wanda bai san abin da doka ta ce ba, bai san inda ta tsaya ba.

Mu fara da Faransa, tun da ƙasashenmu irin su Nijar da Cadi sun gaji tsarin dokokinsu daga gare ta. Dokar laifuffuka ta Faransa ta 1810 ta tanadi horo ga wanda ya buɗe gidan caca ga jama'a. Sa'an nan a ranar 21 ga Mayu 1836 aka yi wata doka da ta hana lotari. Masana dokarsu suka ce abu huɗu ne in sun taru an sami lotarin da aka hana: a kira jama'a su shigo, a kwaɗaita musu samun riba, sa'a ta zama tana da hannu a cikin wanda zai ci, kuma mai shiga ya fitar da wani abu daga aljihunsa. Wannan ma'ana, in ka duba ta, ba ta da nisa da abin da malamanmu suka faɗa. To amma a shekarar 1933 ita gwamnatin Faransa da kanta ta kafa lotarin ƙasa. Abu huɗun nan duk suna cikinsa, babu wanda ya ragu. Abin da ya canja shi ne mai riƙe da akwatin. Haka kuma aka kafa PMU a 1930 domin sa kuɗi a kan sukuwar dawaki, aka ƙirƙiro wasan zaɓen dawaki uku a 1954. Wannan shi ne muka gada. Yau a Nijar akwai LONANI, wato hukumar lotari ta ƙasa, kuma za ka ga magidanci a Maraɗi ko Damagaram ya duƙufa a kan takarda yana nazarin dawakin da za su yi tsere a Faransa, dawakin da bai taɓa gani ba, bai san mai su ba, bai san ko sun kwana lafiya ba.

A Najeriya kuwa, tsohon kundin laifuffuka da Ingilishi suka kawo, wanda aka shimfiɗa wa ƙasar duka a 1916, kuma jihohin kudu suka ci gaba da bin tsarinsa bayan Arewa ta sami nata kundin a 1960, ya jera wasannin da ya kira haramtattu. Ya ambaci wasan kartar da ba gwaninta ke yanke shi ba, ya ambaci wasannin wuri, har ya kira sunan cacarmu ta gargajiya da sunanta. Ya hana duk wasan ɗan lido, wato wannan ɗan ƙashi mai ɗigo da ake jefawa, sai dai ya keɓe guda ɗaya ya ce shi babu laifi, wanda Turawa ke kira bakgamon. Abin mamaki, wannan da aka keɓe shi ne nardu, wanda hadisin haninsa yake cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma Ibnu Abi Zaidin ya ambaci hana shi a ƙarshen Risala. Ka ga ke nan, mai dokar ya bar wasan da mutanensa suka saba da shi a gidajensu, ya kama wanda ya tarar a kasuwarmu.

Sa'an nan a 2005 gwamnatin tarayyar Najeriya ta yi dokar lotari ta ƙasa. Jihar Legas ta kai ƙara a 2008, aka yi ta shari'a har watan Nuwamba 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisun jihohi ne ke da ikon yin doka a kan lotari, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Shekara 16 ana jayayya, kuma a cikinta duka ba a tambayi ko abin yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Abin da aka tambaya shi ne wa zai ba da lasin, wa zai karɓi haraji. Daga nan sai ya zama abin da yake laifi a Zamfara ko Kano, inda aka kafa dokokin Shari'a tun shekarar 2000, sana'a ce mai rajista a Legas.

Wanda yake son ya ga iyakar wannan al'amari sai ya dubi Amurka, inda kowace jiha take da nata kundin laifuffuka. Galibinsu suna auna lotari da abu uku: kyauta, da sa'a, da abin da mai shiga ya biya. In an cire ɗaya daga ukun, ba laifi a wurinsu. Kuma da yawa daga kotunansu suna auna wasa su ga wanne ya rinjaya a cikinsa, gwaninta ko sa'a. Jihar Nebada ta halatta gidajen caca tun 1931, a cikinta birnin Las Begas yake, wanda duniya ta san shi da caca, amma tsarin mulkin jihar ya hana gwamnatinta yin lotari. Maƙwabciyarta Yuta ba ta da lotari, ba ta da gidan caca mai lasin. A 2018 Kotun Ƙolinsu ta rushe dokar tarayya ta 1992 wadda ta hana yawancin jihohi halatta sa kuɗi a kan wasanni, jihohi da yawa suka buɗe ƙofa. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, ya tsallaka iyaka da mota ya zama mai laifi, ya komo ya zama mai biyan haraji.

Ban kawo wannan don in yi wa masu doka ba'a ba. Alƙalin hukuma aikinsa tsare zaman lafiya da hana zamba, yana auna abin da zai iya kamawa ne da abin da majalisa ta rubuta masa. Suna kuma da hujjar da suke kafawa, cewa in an hana abin baki ɗaya zai koma ɓoye, 'yan damfara su ci karensu babu babbaka, gara a fito da shi fili a sa masa ido. Wannan magana ce ta siyasar mulki, masu mulki su za su amsa ta. Abin da nake cewa shi ne, lasin yana gaya maka ba za a ɗaure ka ba. Iyakarsa ke nan. Ko wanda ya buga masa hatimi bai yi da'awar fatawa ya ba ka ba.

To mece ce caca a wurinmu? Alƙur'ani ya kira ta maisir, ya ambace ta a Suratul Baƙara aya ta 219, sa'an nan ya yanke hukuncinta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, ya haɗa ta da giya da gumaka da kiban duba, ya ambaci ƙiyayya da gabar da take jefawa tsakanin mutane, da yadda take kange su daga ambaton Allah da salla. An ruwaito daga Imamu Malik cewa maisir iri biyu ne: na shagala, kamar nardu da ɗaranj, da na ƙimar, wato abin da mutane ke sa dukiya a kansa. Ma'anar ƙimar kuwa ita ce mutum biyu ko fiye kowa ya fitar da dukiya a kan wani abin da ba a san yadda zai kasance ba, da sharaɗin wanda ya dace ya kwashe, wanda bai dace ba ya tafi hannu rabbana. Babu maganar lasin a ciki. Babu kuma maganar gwaninta. Mutum biyu da suka zauna dara, kowa ya ajiye dala ashirin, ai gwaninta ce za ta raba su, amma caca suka yi, domin kuɗin ɗaya ya koma aljihun ɗaya ba da ciniki ba, ba da kyauta ba, ba da lada ba. A nan ne ma'anar Shari'a ta fi ta hukuma faɗi. Hukuma tana duban wasan ta ga ko sa'a ce ke tafiyar da shi, Shari'a kuwa tana bin sawun kuɗin ta ga ta wace ƙofa suka fita daga hannun mai su.

Kibau goma ne Larabawa suke sa,
Faƙirai su ƙoshi da nama na caca.

Sharhi: Wannan baiti amsa ce ga masu cewa ai ribar lotarin ƙasa ana gina makarantu da asibitoci da ita, ana taimakon marayu. Ya ɗan'uwana, ka san irin cacar da aka saukar da ayoyin nan a kanta? Malaman tafsiri sun siffanta ta. Larabawan jahiliyya sukan sayi raƙumi su yanka, galibi a lokacin sanyi da yunwa, su kasa namansa. Suna da kibau 10 marasa tsini. Guda 7 suna da rabo, na farko kashi 1, na biyu kashi 2, haka har na bakwai mai kashi 7, jimla kashi 28. Guda 3 kuwa ba su da kome. A zuba su cikin jaka a hannun wani amintacce, ya girgiza, ya riƙa fitarwa da sunan kowane mutum. Waɗanda kibansu suka fito babu rabo su ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa, bisa al'ada ba sa cin naman, sai su raba wa matalauta, suna alfahari da haka, suna zagin wanda ya ƙi shiga suna ce masa marowaci.

Ka duba da kyau. Akwai amintaccen mai riƙe da jaka, kamar yadda ake da hukumar sa ido. Ana yi a bainar jama'a, babu ɓoyo. Kuma naman duka na miskinai ne, abin da babu wani lotari na zamani da zai ce yana yi. Duk da haka aka hana ta. Ayar Baƙara ba ta yi musun cewa akwai amfani ga mutane a ciki ba, ta tabbatar da shi, sa'an nan ta bayyana cewa zunubin ya fi amfanin girma. Saboda haka wanda ya zo mana yau da hujjar gina makaranta bai zo da sabon abu ba, hujjar da aka riga aka ji ce aka amsa. In ma za a yi adalci, cacar jahiliyya masu hali ne ke sa kuɗi talaka ya ci nama. Ta yanzu kuwa ɗan kabu-kabu da mai tura ruwa da ɗan dako su ne ke cika akwatin.

Wasu kuma suna kafa hujja da cewa Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya sa raƙuma da wani mushirikin Makka a kan cewa Rumawa za su rinjayi Farisa, kamar yadda ya zo a tafsirin farkon Suratur Rum. Haka ne, ya faru. Amma a Makka aka ƙulla shi, kafin a saukar da hani, kamar yadda aka yi zamanin da ba a riga an hana giya ba.

Ɗari huɗu sun sa, guda ɗai ya dace,
Ashe mai gida bai asara a caca.

Sharhi: Wannan lissafi ne, kowane ɗan makaranta zai iya bin sa. 'Yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Akra sun san loton Gana, wanda gwamnati ta fara, inda ake fitar da lamba 5 daga cikin 90. Irinsa ake yi a kudancin Najeriya. Wanda ya zaɓi lamba 2 yana fatan su fito duka biyun, to ya sani hanyoyin haɗa lamba biyu daga cikin 90 guda 4,005 ne, waɗanda ke cikin biyar ɗin da aka fitar kuwa 10 ne kawai. Wato dacewarsa sau 1 ce a cikin kusan 400. In ya dace, abin da aka saba biya shi ne ninki 240 na abin da ya sa. To a ce mutum 400 kowa ya sa sidi 1, an tara sidi 400, ɗaya ya ci ya karɓi 240, saura 160 sun zauna wurin mai gida. Haka za a yi gobe, haka jibi. Wanda kuwa yake mafarkin kama biyar ɗin duka, dacewarsa 1 ce a cikin 43,949,268. An tsara abin ne tun farko yadda jama'a a dunƙule ba za su taɓa karɓar abin da suka zuba ba. Shi ya sa hukumomi ke riƙe da shi da hannu biyu, suna farautar masu yin nasu a bayan fage. A Gana har an sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da mutum ya ci a 2023, aka soke shi a 2025.

Wani zai ce, Malam, ai fatauci ma haka yake, noma ma haka yake, mutum ya zuba iri bai san ko damina za ta yi kyau ba. Amsa ita ce, bafataken da ya kai albasa daga Galmi zuwa Kumasi, in ya ci riba, wanda ya saya ya sami albasa, mai mota ya sami lada, manomi ya sami kuɗinsa, duka suna iya komawa gida da farin ciki. Manomin da gonarsa ta yi kyau bai ɗebo daga rumbun maƙwabcinsa ba. A caca kuwa babu wani abu da aka shuka ko aka ɗauko daga wani gari zuwa wani. Ba ka ci sai wani ya faɗi, kuma abin da ka ci shi ne ainihin abin da ya rasa. Daga nan ƙiyayyar da aya ta ambata take tsirowa. Kuma ko a cikin ciniki, in rashin sani ya yi yawa har ya zama kamar jefa ƙuri'a, kamar sayar da kifi a cikin ruwa ko tsuntsu a sama, Shari'a ta kira shi garari ta hana.

Akwai ƙuri'a wadda ba ta da laifi,
Rabo ne na haƙƙi, dabam ne da caca.

Dawaki da raƙumma, harbin kibau ma,
Ana ba da kyauta a kansu ba caca.

Sharhi: Kada kuma mu zarce mu haramta abin da Allah bai haramta ba, wannan ma laifi ne. Ƙuri'a ita kanta halal ce. Alƙur'ani ya ba da labarin ƙuri'ar da aka yi a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, da wadda aka yi a cikin jirgin Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Magada da suka raba gona kashi-kashi daidai, suka yi ƙuri'a don kowa ya san nasa, ba su yi laifi ba. Mata masu adashi da suka jefa ƙuri'a don a san wadda za ta fara kwasa, su ma haka, domin a ƙarshe kowace za ta karɓi daidai abin da ta zuba. A duk waɗannan mutane sun yi daidai a haƙƙi, ƙuri'a ta raba gardama kawai, babu wanda dukiyarsa ta tafi a banza.

Tambolar 'yan kasuwa kuwa tana son lura. Wanda ya sayi sabulu don yana bukatarsa, a kan kuɗinsa na kullum, aka ba shi tikiti kyauta, ya dace da keke, abin da na fi natsuwa da shi shi ne babu laifi, kuma malamai da yawa a kan haka suke. Amma wanda ya sayi katan goma ba don wanka ba sai don tikiti, ko wanda ake cire masa kuɗi a waya duk saƙon da ya aika don shiga gasar mota, wannan ya sa dukiya a kan sa'a, ko da an sa wa abin suna gasa.

Game da tsere, Shari'a ta yi rangwame a kan dawaki da raƙuma da harbi, domin su ne kayan tsaron al'umma a wancan zamani. Amma dubi yadda Imamu Malik ya tsare ƙofar, kamar yadda mai Risala ya kawo: mutum ɗaya ne zai fitar da kyautar, in wani ya tsere masa ya ɗauka, in kuwa shi mai kyautar ne ya zo na ɗaya, ba za ta koma hannunsa ba, sai ta tafi ga mai bi masa, ko waɗanda suka halarta su ci. Duk don kada ya zama kowa ya sa, ɗaya ya kwashe. Kyautar da hukuma ke bai wa wanda ya ɗauki takobi a kokowar ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, daga hannun wanda ba ya cikin fage take fitowa, 'yan kokowa ba su zuba kome ba, saboda haka ba ta da siffar ƙimar. Amma 'yan kallo biyu da suka ce in wane ya kayar ka ba ni jika, in an kayar da shi in ba ka, wannan pari ne, caca ce tsantsa. Haka mai PMU: shi ba mahayi ba ne, ba mai doki ba ne, rangwamen tsere bai shafe shi ba ko kaɗan. Haka mai sa kuɗi a kan ƙwallon Ingila ko Sifen.

Wani abin lura, dokar zaman jama'a ta Faransa ta 1804 ita ma ta san wannan bambanci. Sashe na 1965 ya ce kotu ba ta sauraron ƙarar bashin caca ko na pari, sashe na 1966 ya keɓe wasannin koyon makami da tseren ƙafa da na doki da makamantansu na motsa jiki. Wato ko su, da suka zauna suka yi tunani, sun ga kuɗin caca ba haƙƙi ba ne da alƙali zai tsaya ya karɓar wa mutum.

Muridi, ka bar biɗa lamba da wurdi,
Salatinka ba jari ne ba na caca.

Sharhi: Wannan baiti shi ne dalilin waƙar duka, kuma da mu nake, mu mutanen zawiya. An wayi gari ana samun wanda ya karɓi wuridi, yana zuwa wazifa, yana halartar zikirin Juma'a, amma in dare ya yi sai ya ja tasbaha da niyyar a nuna masa lamba a mafarki. Wani ya je wurin mai allo ya ce a yi masa istihara a kan doki. Wani ya ɗauki adadin haruffan wani suna daga sunayen Allah, ta hanyar hisabi, ya kai rumfar loto. Kuma ana samun masu rawani da ke karɓar sadaka a kan haka, suna cewa suna da sirri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya ɗan'uwana, istihara ana yin ta ne a kan abin da ya halatta, mutum bai san alherinsa yana cikin yi ko bari ba. Abin da aka riga aka hana, an gama zaɓa maka. Mai ba da lamba kuwa ya haɗa laifi biyu, taimako a kan saɓo da da'awar sanin gaibu, kuma ka tuna ayar Ma'ida a jere ɗaya ta ambaci caca da kiban duba. Da yana da lambar, ai da bai zauna jiran dala hamsin ɗinka ba. Shehunnanmu sun ba mu wuridi ne da sharuɗɗa, a cikinsu akwai tsare salla da tsare umarnin Shari'a, kuma an ruwaito daga Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya yarda da shi, cewa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin Shari'a, abin da ya saɓa su bar shi. To wane sirri ne zai rage ga wanda ya mai da salatin Annabi ƙugiyar kama kuɗin mutane?

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani da ido. Mai caca ba ya rasa kuɗi kaɗai, zuciyarsa ce take tafiya. Yana cikin sahu, liman yana karatu, shi yana lissafin ƙwallo nawa aka ci. Yana zaune a da'irar hailala, hannunsa yana cikin aljihu a kan waya. Duk aikin ɗariƙa tattara zuciya ne wuri ɗaya, ita kuwa caca ta rataye ta tsakanin tsoro da kwaɗayi daga fitowar sakamako zuwa fitowar wani. Ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca, da baki kawai, an umarce shi ya yi sadaka. In kira kaɗai yana bukatar wanki, yaya zama a kanta dare da rana? A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama a cikin birni, amma shagon da yake cikin waya babu dakaren da zai sa masa kwaɗo, kuma shi ne yau ya fi cin samarinmu. Saboda haka ina kira ga muƙaddamai su riƙa tambayar wanda ya zo karɓar wuridi game da wannan, kamar yadda suke tambayarsa game da salla.

Idan ka ci, tuba, ka fid da su hannu,
Ka bar gina ɗaki da riba ta caca.

Sharhi: Wanda Allah Ya nufe shi da tuba, ga yadda zai yi da abin da ke hannunsa. In ya san wanda ya ci wa kuɗin, kamar abokin karta, sai ya mayar masa, ko ga magadansa in ya rasu. In kuwa daga akwatin jama'a ne, ba a san masu shi ba, sai ya fitar da shi ga matalauta ko ga wata maslaha ta jama'a, da niyyar tsarkake hannunsa, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Abin da ya riga ya ci ya ƙare, ya yawaita istigfari da aikin alheri gwargwadon ikonsa. Wanda ake bin sa bashin caca kuwa, wannan ba bashi ba ne a Shari'a, ba a tilasta masa biya, kuma mun ga ko dokar Faransa ba ta karɓar wa mai bin.

Amma kada a kawo irin wannan kuɗi a ce za a yi wa zawiya rufi ko a saya wa masallaci shimfiɗa, ko a yanka sa a Maulidi. Malaman tarihi sun ambaci cewa lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, kafin aiko Manzon Allah da shekara 5, sun yi sharaɗi kada a sa kuɗin karuwanci ko na riba ko na zalunci a cikin ginin. Dukiyar halal ta gaza musu, suka rage ginin, suka bar wani yanki a waje, shi ne Hijiru Isma'ila da alhazai ke kewayawa ta bayansa har yau. Mutanen da ba su riga sun ga Alƙur'ani ba ke nan. Wanda kuma ya je Hajji da kuɗin caca, malamanmu na Malikiyya sun ce farilla ta sauka daga wuyansa amma ya yi saɓo, kamar yadda Shehu Halil ya ambata a Muhtasar, Imamu Ahmad kuwa an ruwaito daga gare shi cewa Hajjin bai isar masa ba, sai ya sake da dukiyar halal. Wallahu a'alamu.